Katangarmu Ɗaya da Goggo Dija

Tun da aka fara ganina da tarin makullai a ƙugu, samarin majalisarmu ta unguwar Kagarawal suka sa ni gaba. Wai Nura ya tsinci dami a kala, yana kwance a esi yana latsa waya, alat na shigowa. Shekaranjiya ma wani ya tare ni wajen mai shayi, wai yayansa zai ba shi gida ya juya, in koya masa shotlet a taƙaice. Na tambaye shi ko ya taɓa wanke masan da wani ya shiga. Ya yi dariya, ya ɗauka tsiya nake masa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, bakina ya huta.

Ga wanda bai sani ba, shotlet gida ne da kayansa cif, gado, kujeru, kicin, talabijin. Mutum ya kama na kwana biyu ko sati, ya gama abin da ya kawo shi Gombe, ya miƙo makulli ya wuce. Ba otal ba ne, ba kuma hayar shekara ba ce irin wadda muka sani. Tsakiyar nan da ya tsaya ita ta kusa cinye mu, amma zan zo wajen.

Ni dai ba boko ne ya kai ni ba. A aji uku na sakandare na ajiye biro. Na yi acaba, na yi cajin waya a Tashar Dukku, na yi wankin mota, na bi wani mai ɗinkin kujeru, babu inda na cika shekara. Innata cewa take kamar an shimfiɗa mini ƙaya a tabarma. Aikin tayil ne ya kai ni unguwar Manawashi, gidan wani dattijo Baba Yohanna, mutumin Kaltungo, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya zuba duk giratutinsa a gini. Filat huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. GRA ya so, amma kuɗin fili a can ya fi ƙarfinsa. Shi da matarsa a unguwar Tumfure suke zaune, 'yarsu ce da ke Abuja ta zuga shi a kan shotlet, wai ya fi hayar shekara kawo kuɗi. Ranar da muka gama tayil injin tura ruwa ya ƙi tashi, na kwance shi na gyara alhali ba aikina ba ne. Baba ya tsaya yana kallona. Ya tambaye ni ko na iya latsa waya, na ce kamar ni na ƙera ta. Ya ce to in zo ranar Litinin.

Aikin farko da aka ba ni gyaran gado ne, kuma a ranar na so in gudu. Mama Saratu, matar Baba, tsohuwar nas ce, ita ta koya mini sana'ar nan kaf. Na shimfiɗa zanin gado na ja da baya ina jiran yabo, ta sa yatsa biyu ta yaye shi ta ce in sake. Na sake, ta yaye. Ta nuna mini yadda ake naɗe kusurwa a tura ƙarƙashin katifa irin na asibiti, har in ka shafa ba ka jin tudu ko ɗaya. Sannan ta ɗauki filo ta shinshina, ta miƙo mini ta ce ni ma in shinshina. Man gashin wani ne a jiki, ni ban ji ba sai da ta faɗa.

"Nura, baƙo ba ya ganin ginin Baba," in ji ta. "Silin gashi ɗaya yake gani a kan filo. Shi zai je ya ba da labari."

Kayan aikina ba su da kyan gani. Bokiti biyu, na banɗaki daban na ɗaki daban, kuma ranar da Mama ta kama ka ka haɗa su ka shiga uku. Burushi, bilic, tsummoki, ƙaramar tocila ta duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo, don baƙo ne ke kawo shi a jaka ya bar maka gado. Tasta, filaya, sukundireba. Batirin rimot kuwa ko sallar Juma'a za ni akwai shi a aljihuna, saboda babban mutum da digirinsa zai kira ka yana huci wai esi ya lalace, ka zo ka tarar batir ne ya mutu. Ba ka ce masa batir ne. Ka ɗan daddanna, ka canza a ɓoye, ka ba shi haƙuri.

Wata safiya wani likita ya shiga wanka, ya shafa sabulu tun daga kai har ƙafa, famfo ya yi tari ya ɗauke. Ta taga ya ƙwala mini kira. Na duba tanki babu ko ɗigo, mai tankar da ya ce zai zo jiya bai zo ba. Na tare mai kura a bakin titi, na dinga hawa bene da jarka a kafaɗa ina miƙa masa ta bakin ƙofa yana zagina da Turanci. Duk wanda zai sa kuɗinsa a gida a garin nan, kafin ya tambayi fenti ko silin ya tambayi ruwa. Tun daga ranar kullum da safe sai na ƙwanƙwasa tankin da hannu, ƙararsa nake saurare. Kuma masu tanka uku nake riƙe da lambarsu, kowanne yana zaton shi kaɗai ne nawa.

Baƙi kuwa kala-kala. Akwai 'yan wokshop, waɗannan lafiya lau, su fita da safe su dawo a gajiye. Akwai masu duba aikin hanya, takalmansu ne kawai matsala da damina. Akwai dangin ango ko na amarya da ke zuwa daga nesa, su ce maka su huɗu ne, ka leƙo da yamma ka ƙirga takalma a bakin ƙofa kamar na masallaci. Wata Hajiya ta taɓa kunna turaren wuta a ƙasan labule, Allah ne ya kiyaye labulen kaɗai ya tafi. Da sannu ka koyi jin mutum tun a waya. Wanda ya fara tambayar kuɗi, kwastoma ne. Wanda ya fara tambaya ko akwai maƙwabta kusa, ko maigadi na barci da wuri, ka ce masa gida ya cika.

Kuma kar wani ya ruɗe ku da lissafin watan Disamba. Lokacin bukukuwa har mutane muke mayarwa. Amma azumi ya kama, ko damina ta yi tsakiya, sai ka ga filat uku a rufe, maigadi na jiran albashi, batirin sola na tsufa, ƙwari na shiga labule. Gidan da ba kowa ma ci yake yi. Duk da haka muna tafiya, Baba na samun na magani da na cefane, ni ma a karon farko na cika shekara a wuri ɗaya har na zarce.

Sai shekarar da dokoki suka fara sauka kamar ruwan Agusta. Da farko aka ce kowane baƙo sai an ɗauki hoton katin shaidarsa. Muka bi. Aka ce a yi rajista, a rataye silindar kashe gobara a kowane bene. Muka bi. Ana cikin haka wasu yara suka kama wani gida a GRA suka yi fati, aka yi faɗa har da jini, maganar ta cika gari. Daga nan babbar ta fito. Duk gidan da ke saukar baƙin kwana a tsakiyar gidajen mutane, sai mai unguwa da kansa ya tsaya ya shaida cewa maƙwabta sun yarda. In babu, kwaɗo a ƙofa da jan fenti a bango. Aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen watan gaba.

Baba Yohanna ya zo ya zauna a bencin maigadi ya saurari bayanina har ƙarshe. Ba mutum ne mai yawan magana ba.

"Na gama aikin gwamnati ba a taɓa sa mini jan biro a fayil ba," ya ce. "Ba za a shafa mini jan fenti da furfurata ba. In Jauro bai tsaya mana ba, kafin su zo na sayar, na koma Kaltungo in riƙe fartanya."

Kuma ba barazana ba ce, don a satin ya yi wa wani dillali magana.

Jauro shi ne mai unguwar, haka ake kiransa a nan. Na sayi goro mai kyau muka je ni da Baba, muka cire takalma muka gaishe shi. Ya karɓe mu hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar Baba. Da muka faɗi abin da ya kawo mu sai ya ce to, Allah ya kai mu, mu dai je mu gama da maƙwabta. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Na bi mazan layin ɗaya bayan ɗaya, mai shago, malamin makarantar da ke kallonmu, liman, masu zama ƙofar masallaci bayan la'asar. Kowa ya ce shi ba shi da matsala. Na koma wajen Jauro da murnata. Ya ce madalla, mu je mu gama da maƙwabta.

Na fara zargin ko wani abu yake so a saka masa a ambulan. Na faɗa wa Baba, ya harare ni ya ce in na kuskura in ajiye masa makullansa. Sai na koma neman laifinmu da kaina. Na daina tada janareto ko da batir ya yi ƙasa, baƙi na ƙorafin zafi ina ba su haƙuri. Na hana kiɗa. Na daina karɓar samari in ba da takardar aiki suka zo ba. Na share kwatar layin tun daga ƙofarmu har bakin titi. Na sake komawa, Jauro ya yaba da kwata sosai, ya maimaita mini maganarsa kamar karatun allo.

Ranar da dillali ya kawo mai saye ni na riƙa buɗe musu ƙofofi. Wani Alhaji ne, makaranta yake so ya mayar da gidan. Yana tafe yana nuna bangon da za a fasa, a kan tayil ɗin da na shimfiɗa da hannuna. Dillalin har yana tambayata ko zan tsaya musu gadi in an yi ciniki.

Da suka tafi Mama Saratu, wadda ta zo kawo wankakkun tawul, ta zaunar da ni ta ce in lissafa mata maƙwabtan da na gani. Na lissafa. Ta nuna katangar gabas ta ce wannan fa? Na ce ai gidan wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, gidan ba shiga ne, babu namijin da zan yi wa magana. Ta tambaye ni ko na taɓa yin sallama a zauren. Na ce a'a. Ashe ita ma ba ta taɓa ba, kullum daga mota sai cikin gida. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce in biyo ta.

A zaure na tsaya, ita ta shiga. Ta daɗe. Ina jin muryar tsohuwa na hawa tana sauka, rabi Hausa rabi Fulatanci. Can aka ce in shigo, ai ɗan cikinsu ne ni. Na tarar da tsohuwar a kan tabarma a gindin bishiyar lemo, 'yar siririya, carbi a hannu. Goggo Dija ke nan. Ashe yayar Jauro ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, Adda yake ce mata, kuma ko a gaban mutane ba ya zama sai ta ce ya zauna. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta kalli Mama.

"Wannan ne mai fitar wa mutane da kaya?"

Ban gane ba sai da ta ci gaba. Ita duk lokacin da ta hango ta zaure mota ta tsaya ƙofarmu ana sauke akwatuna, sai ta ce Alhamdulillahi, an yi sababbin maƙwabta. Ta tashi ta ɗora tukunya, tuwo ko dambu, wani lokaci fura da nono, ta ba jikarta ta kai musu, yadda aka saba yi wa wanda ya tare. Kafin sati ya zagayo sai ta gan ni ina jan akwatunansu zuwa mota. Suna tafiya in shiga wanke gida da magani har warin na tsallako mata katanga, kamar an fitar da masu cutar kuturta. Ta ce da idonta ta ga wata mai jego, da jariri a kafaɗa, ana yayyafi, ina tsaye a kanta har ta shiga mota. Na tuna matar, lema nake riƙe mata.

"Shekarata nawa a garin nan," ta ce, "ban taɓa ganin mai gidan haya azzalumi irin naku ba. Mutum bai gama gane alƙiblar ɗaki ba an kore shi. Na ce wa Jauro in ya tsaya wa wannan gida ban yafe goyon da na yi masa ba."

Ashe Jauro ya yi ta mata bayani cewa kamar otal ne. Ta ce masa otal a bakin tasha yake da allonsa, wannan gida ne da kicin da igiyar shanya, kar ya raina mata hankali. Ya gaji ya bari. Daga baya na ji shi ma abin na cin sa, a ce katangarmu ɗaya da yayarsa tsawon wannan lokaci ko barka da sallah ba mu taɓa aika mata ba. Shi ya sa ya ƙi nuna mana ƙofar, yana jira mu gano ta da ƙafarmu.

Sannan Goggo ta kawo maganar kwanuka. Ta ce ba ta zargin waɗanda aka kora, mai tashin hankali ba ya tuna kwano, amma ko ɗaya bai dawo ba, har da samirar aurenta. Nan take na tuna da su. Sitonmu na ƙasan bene cike yake da langa da samira da ƙore, ni duk zatona baƙi ne ke mantawa, har na zaɓi masu kyau na jera a kicin. Kuma baƙi sun sha rubuta mana yabo a intanet wai gidan nan har abincin maraba ake kawowa. Ni na ɗauka Mama ce ke aikowa daga Tumfure. Mama ta ɗauka ni ne nake saye don in jawo kwastoma. Da na tambayi maigadinmu Malam Buba daga baya me ya sa bai taɓa faɗa ba, kallon mamaki ya yi mini. Ya ce abincin maƙwabta ne, mene ne abin faɗa a ciki?

Ni da na buɗe baki da intanet zan fara, in ƙara ɓata lamarin. Mama ta taka mini ƙafa. Ta tambayi Goggo ko a gidansu ba a taɓa saukar fatake ba. Fuskar tsohuwa ta ɗan saki. Ta ce zauren babanta ba ya rabuwa da masu shanu, su zo daga nesa su sauka wajensa, a ba su tabarma da ruwa, in sun sayar su ba shi abin da ya samu su kama hanya, wasu su maye gurbinsu. Mama ta ce to shi ne wannan, Goggo. Ba korarsu ake ba, matafiya ne, da ranar tafiyarsu suke zuwa. Yaron nan rakiya yake musu.

Goggo ta ja carbi. Sannan ta ce babanta ba ya barin baƙo ya kwana bai zaga da shi ya gaida mutanen unguwa ba, kuma in baƙo ya yi ɓarna shi ke ɗauka. Ta ce mu namu baƙin wucewa suke ta gabanta kamar ta gaban turmi. Ranar sadakar bakwai ɗin mijinta, mutane na zaune a ƙofa, wani daga gidanmu ya danna musu hon su matsa. Daga nan ta juya ta kira jikarta ta kawo mata buta. Muka gane an sallame mu. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Washegari tun safe na fito da kwanukan nan duka na wanke su da toka da soso har suna ɗaukar ido. Mama ta ce ba a mayar da kwano haka babu komai a ciki. Ta soya masar shinkafa, ta zuba sukari a wani, sabulu a wani, goro a ƙwarya. Baba Yohanna ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci. Muka jera mu uku da kaya a kai da hannu, mutanen layi na kallo. Baba bai shiga ba, a zaure ya cire hula da takalmi ya durƙusa da ciwon gwiwarsa, ya yi mata ta'aziyyar mijinta ta bayan labule, ya ce ya makara, ta yafe masa. Ta tambaye shi, tsakaninsa da Allah, bai taɓa korar kowa ba? Ya ce shi kansa a gidan haya ya haifi 'ya'yansa duka, ya san abin. Ta ƙirga kwanukanta ɗaya bayan ɗaya muna jin ƙararsu. Da ta zo kan samirar ta yi wata magana da Fulatanci da ban ji ba. Abin da ta ce mana kawai shi ne daga yau duk wanda ya sauka a kawo shi ta gan shi. Maganar Jauro kuwa ko taɓa ta ba ta yi ba.

Haka muka zauna har wa'adi ya cika, ko baƙo ɗaya bai sauka ba, kuma ba mu san matsayinmu ba. Dillali na kira kullum, Baba na ce masa ya ƙara haƙuri. Na je gaida Jauro, ya yi mini hirar tsadar taki.

Ranar da hantsi ma'aikatan hukuma suka zo, a-kori-kura fara, mutum uku, bokitin jan fenti da kwaɗuna a baya. Sun riga sun rufe wani gida a farkon layi, fentin ko bushewa bai yi ba a hannun ɗayansu. Baba na tsaye a bakin get da hularsa a hannu. Babbansu ya duba rajista, ya duba silinda, ya duba hotunan katin baƙi a wayata, ya ce saura shaidar mai unguwa. Na leƙa layi babu kowa. Ya duba agogo. Wanda ke riƙe da buroshi ya fara juya fenti da sanda. Sai ga Jauro ya ɓullo, ba daga gidansa ba, daga zauren Goggo, yana tafe a hankali da lemarsa yana goge baki, da alama karyawa ya yi a can. Ya gaisa da kowa, har da direba, ya tambayi babban nasu ɗan wane ne a garin nan. Sai da ya gama duk wannan ya nuna get ɗinmu da lema.

"Waɗannan nawa ne. Na tsaya musu."

Shi ke nan fa. Aka rubuta, aka mayar da murfin fenti, mota ta tashi. Baba ya zauna a bencin Malam Buba ya ce a ba shi ruwa. Ya shanye, ya ciro waya ya kira dillali ya ce ya gaya wa Alhaji Allah ya haɗa shi da rabonsa a wani wuri. Sannan ya dube ni ya ce tsayuwar me nake yi, ba baƙo ne zai iso da azahar ba?

Dokar ta sake canzawa bayan nan, kuma za ta sake. Yanzu Baba ya mayar da filat biyu na sama haya ta wata-wata, wata likita da wani malamin jami'a ke ciki, saboda ko gobe aka ce an hana kwana-kwana gaba ɗaya gidan ba zai durƙushe ba. Na ƙasa biyu su nake juyawa. Kuma a cikin aikina an ƙara wanda babu shi a kowane shotlet da na sani. Baƙo na ajiye jaka, in nuna masa rimot da makunnin hita, sannan in ce masa akwai tsohuwa a maƙwabta da za mu je mu gaisar, minti kaɗan ne. Wasu su yi mamaki, wasu su ji daɗi. Wanda ya ce shi ba shi da lokacin wannan, na san ba zan sake ba shi ɗaki ba.

Na farkon da na kai mata shi ne baƙon nan na azahar, wani injiniya daga Fatakwal, ƙato, ko sannu bai iya ba. A hanya na koya masa ya ce ina wuni Goggo, yana ta maimaitawa kamar mai shirin jarrabawa. Ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa da ƙyar wandonsa na neman yagewa, ya faɗa a karkace. Goggo ta ɗaga labule ta ƙare masa kallo, ta amsa, ta tambayi mutanen gida da gajiyar hanya ina fassarawa. Ta ce in tambaye shi kwana nawa zai yi. Na ce biyu. Ta dube ni, irin kallon nan da har yau ban gama tsira daga gare shi ba.

"To ka gaya masa," ta ce, "kuma ka faɗa daidai, ina jin ka. In kun kore shi kafin nan, ya kwaso kayansa ya zo. Akwai ɗaki a zaure."